Baba Tanko a Gadon Sallama

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin jinya, ranaku da yawa sun bi ruwa, ko an tuna mini ba na tunawa. Amma ban manta Talatar da Mataron ta rufe littafin rahoto a gabana, ta karɓe na'urar awon jini daga hannuna, ta ce in je in zauna kusa da majinyaci hannu rabbana ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin kowacce ta tafi ɗakin da aka tura ta, wannan zan ba ku, ko da yake ba ni ce na fito da kyau a cikinsa ba.

Damina ce, shekara guda bayan canjin kuɗi na zamanin soja. Ina sitaf nas a lokacin, wato na gama makaranta na samu lasisi amma ban kai muƙamin sista ba, duk da cewa su majinyata duk macen da suka gani da farin kaya Sista suke ce mata. A ɗakin maza masu karaya nake, a wani asibiti nan cikin Minna. Sistar ɗakin ta tafi hutun haihuwa, sai aka bar mini riƙo. Sama da mu duka akwai Mataron, shugabar masu jinya, wata mata 'yar kudancin Kaduna mai suna Rifkatu. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta dube ki sai ki shiga taitayinki. Ni kuwa ina ji da kaina ba kaɗan ba. Hannuna na da sauri, allurata ba ta kumburi, bakina kuma ya fi hannun sauri.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, aikin kashi uku ne: na safe, na yamma, na dare. Duk mai sauka sai ta rubuta rahoto a babban littafi, gado bayan gado, ta karanta wa mai karɓa. A rahoton dare akwai layi ɗaya da muke tsallakewa da gudu, layin barci. Abu uku kawai ake rubutawa a wurin: ya yi barci, ya yi kaɗan, bai yi ba. Ni dai ban taɓa ɗaukar layin nan a bakin komai ba.

Ɗakin dogo ne, gadaje layi biyu, teburinmu a bakin ƙofa. Gado na ɗaya shi ne dab da teburin, kuma ƙa'idarmu ita ce duk wanda yake bukatar a sa masa ido sosai can ake kai shi. A gefensa muke jingine labulen nan mai taya da ake kewaye gado da shi, don nan ne kawai yake da wurin tsayawa.

A gado na goma sha ɗaya akwai Malam Isa, tela ne a cikin gari, irin jikokin mutanen da suka zo da aikin jirgin ƙasa. Babur ya zame da shi a ruwan sama, cinyarsa ta dama ta karye. An ɗaure ƙafar da igiya an rataya ƙarfe mai nauyi a ƙarshen gado don ya ja ƙashin, amma likita ya ce karayar ba za ta haɗu daidai da ja kaɗai ba, sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Likitan ƙashi kuwa ba namu ba ne, daga Kaduna yake zuwa, Alhamis ɗin ƙarshen wata, yini ɗaya ya koma. In mutum ya rasa wannan rana sai wani watan, kuma kafin nan ƙashin ya fara kamawa a karkace. Keken ɗinkin Malam Isa na ƙafa ne, da ƙafar nan ta dama yake ciyar da mutum tara. Matsalar ita ce jininsa yana ɗan hawa, kuma mai ba da allurar barci a ɗakin tiyata ba ya karɓar mai hawan jini ko ɗan wane ne.

Maƙwabcinsa a gado na goma sha biyu Baba Tanko ne, dattijo mutumin Gbagyi, manomin doya daga wani ƙauye a bayan Paiko. Katanga ce ta faɗo masa, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Tasa ta fi ta Malam Isa muni nesa ba kusa ba, amma kullum safiya rahotonsa ɗaya ne: ya yi barci. Wata mai aikin dare har ta taɓa ƙarawa a gefe cewa minsharinsa ya hana na kusa da shi sakat.

Ranar wata Juma'a likitanmu ya rubuta a katin Malam Isa cewa a riƙa auna jininsa duk bayan awa huɗu. Na duba nisan gado na goma sha ɗaya daga teburi, na ce wannan ai ɓata ƙafa ne. Gado na ɗaya babu kowa, an fitar da mai shi tun Laraba. Na kira ma'aikata huɗu, muka ja gadon Malam Isa da ƙarfensa da komai zuwa gurbin na ɗaya. Abin da na ce masa kawai shi ne za mu matsar da shi gaba. Ya buɗe baki zai yi magana, ni kuma na riga na juya, ana kirana a wani gado. Har na yaba wa kaina a zuci, na ce ga aiki da tsari.

Asabar da safe rahoto ya ce bai yi barci ba. Lahadi, bai yi ba. Litinin haka. An ba shi ƙwayar barci dare ɗaya, ya yi awa biyu ya farka, likita ya ce ba zai maimaita ba. Jinin kuwa maimakon ya sauka sai hawa yake, duk da magani. Mutumin da yake tsokanarmu cewa ɗinkin kayan aikinmu na 'yan koyo ne ya koma ba um ba um-um. Abinci ya dawo kamar yadda aka kai. Na ji ya aika a kira ƙanensa, ya ce a mayar wa masu ɗinki yadinsu ko ba a taɓa ba. Matarsa na zaune a baranda tana share hawaye da bakin mayafi. Duk wannan a gaban idona, kuma wallahi abin da na fassara shi ne mutumin ragon maza ne, tsoron wuƙa yake ji.

Talata da safe Mataron ta zo zagaye. Saura kwana tara likitan ƙashi ya zo. Ta karanta rahoton kwana huɗu a tsaye, ta tambaye ni me ke hana gado na ɗaya barci. Nan na buɗe baki na zuba mata iliminna. Na ce ai na daɗe da lura, barci da hali yake tafiya. Mai sakin zuciya da godiya irin Baba Tanko ko an ɗora shi a kan dutse zai yi barci, mai sa wa kansa damuwa kuwa ko a katifar gwamna ido biyu zai kwana. Na ce Malam Isa halinsa ne, babu abin da nas za ta yi wa hali.

Ta cire tabarau.

“Asabe, sati biyunsa na farko me littafin ya ce?”

Na buɗe baya na duba. Ya yi barci. Ya yi barci. Ya yi kaɗan. Ya yi barci.

“To ranar Juma'a aka sauya masa halin?”

Sai ta rufe littafin, ta zare na'urar daga hannuna, ta ce rabin maganata gaskiya ce, kuma rabin gaskiya a bakin nas ya fi ƙarya haɗari. Ta ce in je in zauna, ba awo, ba allura, in dawo mata da dalili kafin a kawo abincin rana. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Ga ɗalibai biyu a tsaye suna ji.

Ban iya dosar Malam Isa kai tsaye ba, kunya ta hana ni. Sai na wuce wajen Baba Tanko, na ja kujera. Shi Hausarsa irin ta kasuwa ce, kowa “kai” yake ce masa, mace ko namiji, kuma ba ya kwana-kwana. Na tambaye shi ko ya san abin da ke damun abokinsa. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

“Sista, kai ka ɗauke shi ka kai gadon sallama, kuma kai ne kana tambaya?”

Ban taɓa jin sunan ba. Shekara uku ina ɗakin, ban san majinyata sun raɗa wa gado na ɗaya suna ba. Baba ya ce kowa a ɗakin ya sani, sabon zuwa ma kafin ya kwana an gaya masa. In aka ja mutum zuwa kusa da teburi, to likita ya gama magana, saura a jawo labule mai taya. Ya ce tun zuwansa mutum uku aka kai can, ba wanda ya fita da ƙafarsa. Gaskiya ne kuwa, tunda mu waɗanda jikinsu ya yi tsanani muke kaiwa. Mu muna ganin kulawa, su daga kan gadajensu suna ganin wanda ake fitarwa a lulluɓe. Ya ce ranar da muka ja gadon, ɗakin gaba ɗaya ya yi shiru, wani a can ƙarshe har ya fara yi masa addu'a.

Don in samu abin cewa sai na tambaye shi shi yaya yake yi yake barci haka. Ya yi dariya, ya ce kada in yarda da littafi, kwanansa huɗu na farko shi ma rufe ido kawai yake yi don kada a dame shi. Doyarsa na gona, ciyawa na cinye ta, yara ba su iya ɗaure doya a jikin sanda ba. A rana ta biyar ya ce wa kansa, Tanko, daga gadon nan hannunka ba ya kai Paiko. Sai ya bar gonar wa Allah da yara, ya koma neman abin da ke kusa. Tun daga nan kullum bayan abincin yamma sai ya nemo abu ɗaya da ya fi na jiya, kome ƙanƙantarsa: ɗan yatsa ya motsa, miya ta ji gishiri, jikarsa ta zo. Da wannan yake kwanciya. Da aka kawo Malam Isa kusa da shi sai ya riƙa tambayarsa shi ma, “Tela, yau me ya fi jiya?” kuma ba ya ƙyale shi sai ya amsa. Shi kuma telan ya fara yi masa ɗinkin hula da hannu, wai zai sa ranar da aka sallame shi. Ya nuna mini loka, ɗan akwatin ajiya na gefen gado. Hular na ciki da allurarta a soke, rabi an yi, rabi saura. Ko ita ban bari an ɗauka ba ranar da na ja gadon.

Wato cikin minti biyar na raba mutum da abokin hirarsa, na raba shi da aikin hannunsa, na kuma ajiye shi inda ya tabbata mutuwa zai yi. Sannan na tsaya a gaban Mataron ina cewa halinsa ne.

Na ɗauki hular na tafi gado na ɗaya. Na zauna, abin da ban taɓa yi ba. Idanunsa sun yi ja sun faɗa. Bai dubi hular ba, ni ya duba.

“Sista, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Kwana nawa likita ya ce? Ina da 'ya'ya ƙanana, akwai abin da zan faɗa wa uwarsu.”

Na sha ganin jini, na sha ganin gawa, amma ranar hawaye suka zubo mini a gaban majinyaci. Na ce masa babu likitan da ya ce komai, ni ce na kawo shi nan don kada in riƙa doguwar tafiya da na'ura. Na ce lalacina ne, ya yafe mini. Na buɗe katinsa na karanta masa abin da aka rubuta, layi bayan layi, na fassara. Ya saurara, ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma na ga idonsa. Ya ɗauka irin daɗin bakin da ake yi wa mai tafiya ne.

Na koma na gaya wa Mataron komai. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ce magana ba za ta warware abin da ido ya gani ba, a mayar da shi gurbinsa, ni kuma in yi tafiyar da na guje wa. Sai dai gurbin na goma sha ɗaya an riga an sa wani da aka kawo daren Lahadi, ƙugunsa a karye, ba ya taɓuwa. Muna tsaye a tsakiyar ɗaki muna shawara, ashe Baba Tanko na ji. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

“Mama, ni a kai ni gadon sallaman. Tela ya kwanta na biyu. In gani ko gado na kashe mutum.”

Wani a layin ya ce Baba ka rufa wa kanka asiri. Baba ya ce katanga ta faɗo masa ba ta gama da shi ba, ba gurbin gado ne zai gama da shi ba. Mataron ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta dubi katin mai gado na biyu, ta ga ya kusa sallama kuma yana motsawa, ta ce a yi. Kusan awa guda muka yi muna jan gadaje uku a hankali, ana riƙe da ƙarafan kada su yi lilo. Labule mai taya kuwa ta sa aka fitar da shi baranda, kuma bai sake kwana a ɗakin ba. Ta ba da izini Malam Isa ya riƙa ɗinki da rana, a karɓi allurar in magariba ta yi.

Ina shirin sauka da yamma na ji muryar Baba. “Tela, yau me ya fi jiya?” Ya maimaita. Can Malam Isa ya ce, a hankali, yau dai ya ga Sista Asabe ta zauna a kujera, bai san tana lanƙwasuwa ba. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni aka yi wa, amma ban taɓa jin daɗin tsokana irin na ranar ba.

Kada ku ɗauka abin ya warware a dare ɗaya. Laraba rahoto ya ce ya yi kaɗan. Alhamis ma kaɗan. Likita ya sauya masa maganin hawan jini, aka rage gishiri a abincinsa, na nemo gidan sauro mai kyau na sauya masa na da, wanda ashe ya yage ta gefe. Duk waɗannan sun taimaka, ba na raina ko ɗaya. Amma kullum safiya mutanen ɗakin sai su leƙo su ga Baba Tanko a gadon sallama yana miƙa yana neman kokonsa. Ranar Asabar mai aikin dare ta rubuta cewa gado na biyu ya yi barci, sai da aka tashe shi don awo. Na karanta layin nan sau uku. Hular na ƙaruwa, jinin na sauka kaɗan-kaɗan, ya fara cin abinci, ya aika wa ƙanensa cewa a dakata da mayar da yadin mutane.

Alhamis ɗin ta zo. Kun san daren jajibirin tiyata ba kasafai majinyaci ke runtsawa ba, shi ya sa na shigo da fargaba tun kafin lokacina. Na buɗe littafi. Gado na biyu: ya yi barci. Na ce alhamdu lillahi. Sai idona ya hau layin sama. Gado na ɗaya: bai yi ba.

Na ruga wajen Baba, na ce lafiya, ciwon ne ya tashi? Ya ce ba ciwo. Na ce to kai da ba ka taɓa ba mu matsala ba? Ya rage murya don kada maƙwabcinsa ya ji.

“Jiya na ce masa ya ba ni tsoron in riƙe masa, shi ya kwanta. Ya ba ni. To wanda aka ba ajiya yana barci ne?”

Mai allurar barci ya zo ya auna Malam Isa da kansa, ya jira, ya sake aunawa a ɗaya hannun. Ina tsaye ina kallon bakinsa. Ya ce a kawo shi. Da azahar aka dawo da shi, likitan ƙashi ya ce aiki ya yi kyau. Baba Tanko bai ji wannan albishir a kan lokaci ba, don ana shigar da abokinsa ya ɓingire, minsharinsa har baranda.

Bayan sati shida aka sallami Baba. Daga gado na ɗaya ya tashi, da sanduna biyu a hammata da sabuwar hula a ka, ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya yana sallama da mutane. Malam Isa kuwa ya koma shagonsa da ɗan ɗingishi da bai hana shi taka keke ba. Shi ya ɗinka mini kayan aiki har ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa, kuma bai taɓa daina cewa na da ɗin na 'yan koyo ne ba.

Abin da na gaya wa Mataron a ranar nan, har yau ina nan a kan rabinsa. Na ga ɗaruruwan majinyata bayan haka, kuma mai sa rai, mai godiya, mai abin yi da hannunsa da wanda zai yi wa dariya, yawanci ya fi saura barci, jikinsa kuma ya fi saurin amsa magani. Inda na yi kuskure shi ne da na ɗauka da abin ake haihuwar mutum, wani na da shi wani babu. Baba Tanko koya ya yi a kan gado, ya kuma koya wa na kusa da shi. Ni kuma na ƙwace wa mutum nasa ba tare da na sani ba, don in rage wa kaina taku ashirin.

Saboda haka, 'yan'uwana, in za ku matsar da gadon majinyaci, ku tsaya ku gaya masa dalili, ku jira ya yi tambayarsa. Ku nemi sanin sunayen da suka raɗa wa abubuwan ɗakinku. In kuma kuka karanta a littafi cewa wane bai yi barci ba, kafin ku je neman ƙwaya, ku ajiye na'ura ku ja kujera.